Ya Gumsu ta Kwarin Majema

Da yatsu uku Ya Gumsu take ɗaure latas. Sauran biyun na hannun dama sun sandare, masu saye kuwa ganyen suke kallo.

Lambunta yana bakin Kwarin Majema, ɗan rafin da ke tattara ruwan sama daga bayan unguwar Dala, ya bi ƙarƙashin kwalbati, ya karkata ta tsakanin gidaje har ya faɗa kogin Ngadda. A nan mahaifinta da abokan sana'arsa suke jiƙa fatu tun tana goye. Majeman sun watse, leda ta cike gurbinsu, Ya Gumsu kuwa ta zauna. A shekarun rikici kuwa, sai manya sun leƙa kwarin da safe kafin a bar yara su fita, don nan ake yar da gawa.

A cikin shekarun nan ne, wata rana da hantsi, Nicodemus, mai gyaran fanka ɗan Biu, ya yanke ta kwarin ɗauke da buhu, wayoyi sun leƙo ta bakin buhun. Wani ya ce bam ne. Kafin ya juyo, gora ta sauka a ƙeyarsa. Matasan unguwa suka rufe shi da sanduna da duwatsu, ɗaya ya ruga neman taya da fetur.

Ya Gumsu ta yar da bokitin ban ruwanta, ta ratsa su, ta kife a kansa. Sandar da aka riga aka ɗaga ba ta tsaya ba, ita ta farfasa mata yatsu.

"Ya Gumsu, kauce, abin zai fashe," in ji Taufiq, jagoransu.

"To ku matsa ya fashe da ni. Kai Taufiq, a hannuna aka yanke maka cibi. Buɗe buhun."

"Ni?"

"Kai mai ƙarfin duka. Ko sai mutum ya ba ka baya kake namiji?"

Ba wanda ya motsa. Da hannun hagu ta jawo buhun, ta zazzage. Kawunan fanka ne, da filaya, da burodin da jini ya jiƙa.

Mai fetur ya iso, ya duba, ya ɓoye galan a bayansa. Nicodemus ya rayu, amma idonsa ɗaya ya tafi.

Da aka ɗauke shi a keke napep, sai Ya Gumsu ta haura sama da inda jinin ya shiga ruwa, ta ɗebo, ta ƙarasa ban ruwan fangalin latas ɗin da ta bari.