Garkuwar Arzika

Duk faɗin Adar, daga kasuwar Tahoua har Takanamat, in akwai wanda ya fi ni jinin mayaƙa, to uwarsa ba ta haife shi ba tukuna. Kakan kakana, Arzika, barden sarki ne. Ina yaro na yi imani cewa in ya yi atishawa a Barmou, raƙuman mahara da ke tafiyar kwana biyu arewa sai su watse. Da wannan nake cika baki a lakwal, makarantarmu ta boko, har wani ɗan mahauci ya taɓa zaunar da ni a ƙasa saboda shi, na tashi na kakkaɓe wando na ci gaba daga inda na tsaya.

Ƙayar da ke ƙafata ɗaya ce: Kaka Bibata, mahaifiyar babana. Ɗiyar manoma ce aka kawo gidanmu, kuma shekara hamsin a gidan ba su sa ta ga girman Arzika ko na ƙwayar gero ba. Lokacin ɗari, in an gama tuwo, takan hura wutar kara a bakin ɗakinta, mu jikoki mu zagaye ta, hayaƙi na cin idanunmu, tana gasa gujiya cikin toka tana bugun hannun duk wanda ya miƙa. Sauran yara su roƙi tatsuniya. Ni roƙona kullum ɗaya ne.

"Kaka, ba mu labarin yaƙin Arzika."

"Angona, kai ba ka gajiya da jin kunya? To matso. Wagga ba ni ce muku ga ta nan ba, don ta riga ta zo ta wuce, ta bar mu da irinku."

A da, in ji ta, sarki ba ya iya tsaron kowane ƙauye da kansa. Sai ya ba barde doki da takobi, ya ce ga gari nan, riƙe mini. Talakawa su yi noma, barde ya tare mahara, sarki ya karɓi rabonsa daga hannun barde. Ladan barde kuwa da garkuwarsa ake auna shi. In kaka ta yi, ya shimfiɗa ta a ƙofar kowane gida, mai gida ya zuba hatsi har ya rufe fatar. Abin da ya kare ka, shi kake ciyarwa.

Shekarar farko garkuwar Arzika daidai ƙirjinsa take. Shekara ta uku ya kai wa baduku ya ƙara mata baki, wai kiban yanzu sun fi na da yawa. Ta biyar ya sake ƙarawa, wai sarki ya matsa masa.

"Kahin shekara goma," in ji Kaka, "hwatar bijimi ukku na cikinta. Jaki biyu ka ɗaukar ta. In ruwa ya sauko, ɗiyan gari su hwake ƙarƙashi, har da awakinsu."

A nan nake fara hura hanci. "Kaka, yaƙin fa? Yaƙin na ce!"

"Ga shi nan tahe, mai gaggawa."

Wata shekara da damina ta yi gardama, mahara suka nufo garin, kuma ba abin da suke so sai rumbun iri. In ya tafi, baɗi babu shuka. Arzika ya fito ya ce a kawo garkuwa. Ƙarti huɗu suka kinkimo ta. Ya kama, ya yi nishi, ta ƙi tashi. Ya hau doki aka miƙa masa, doki ya durƙusa. Sai ya sauka, ya sa aka jingine ta a ƙofar gari, ya tsaya gefenta da takobi, gumi na zuba, yana zagin maharan har kakanninsu. Su kuwa suka ja linzami suna tunanin wane irin ƙato ne mai wannan garkuwa. Suna cikin tunanin, Tanko, kakan Kaka Bibata, ya zagayo da manoma ta cikin kara, da hauya da majajjawa, mata da taɓare. Mahara suka ranta a na kare. Iri ya tsira.

"To ai ya yi yaƙi!" in ji ni.

"Ya yi tsayuwa, angona. Tsayuwa dabam, yaƙi dabam."

Da kaka ta zagayo, Arzika ya turo jakunansa kamar ba a yi komi ba. Tanko ya fito da wuƙa, ya durƙusa, ya gaida shi da ladabi, ya yanke garkuwar har ta dawo daidai ƙirji, sannan ya cika ta taf. Ya ce: "Ranka shi daɗe, wadda kake iya ɗagawa, ita muke iya cikawa."

In ta kai nan nakan tashi cikin fushi, in rantse ba ni ba wutar Kaka har abada. Gobe ni ne farkon zuwa, ko Allah zai sa labarin ya gyaru. Bai taɓa gyaruwa ba. Sai ma garkuwar da ke ƙara fata ɗaya duk shekara.

Yau ina da shagon yadi a Tahoua, da tumbin da ke riga ni shiga ɗaki. Gonar gado tana ƙauye, ƙanena Salifu ke noma ta. Yarjejeniyarmu a fili take: shi ya yi noma, ni mutumin birni in tsaya masa in magana ta taso, ko gaban maigari ko a meri, ofishin magajin gari. In an yi girbi in zo in ɗauki rabona. Da buhu biyu na fara, a bayan babur.

Daminar bara wani maƙwabci ya matsar da iyaka, ya cinye mana kunya goma sha biyu. Maigari ya sa ranar zama. Salifu ya kira ni a salula sau uku. Ni kuwa ina wurin walimar wani alhaji, an ajiye mini haƙarƙarin rago a gaba. Na ce masa gobe. Ya je shi da tsofaffi biyu da suka san inda kakanmu ya dasa gamba a kan iyaka, suka ƙwato gonar.

Na daɗe ina zaton Kaka gidanmu take ci wa mutunci. Ashe ba ta taɓa cewa a daina cika garkuwa ba. Tanko ma ya cika ta. Abin da take faɗi shi ne yarjejeniya igiya ce mai baki biyu, wanda ya saki nasa bakin kada ya zo yana jan na wani. Amma wannan fahimta ba ta zo mini ba sai da na tsaya a masussuka, bayan girbi, da sababbin buhuna shida, irin manyan nan da mutum biyu za su kwana ciki su yi juyi.

Salifu ya dubi buhunan, ya dube ni, ya share ƙaiƙayi daga fuska.

"Yaya," ya ce, "shi dai Arzika, ranar da anka kira shi, ya zo."