Ranar da Baba Arzika Ya Biyo Ni Dogon Dutsi Don Ya Biya Ni

Ku da kuka san Baba Arzika na Dumega, kun san ni dai bai taɓa gama gaisuwa da ni ba. Zai ce, "Hamidu, ina kwana," kafin in ce lafiya lau ya riga ya danƙa mani wani abu a hannu, ƙwan zabo uku ko igiyar da ya tuƙa, ya ce, "Rage!" Babu ina gajiya, babu ina iyali. Rage kawai. Shekara uku ina shan wannan gaisuwa, har matana suka daina kiran sunansa, sai dai su leƙo zaure su ce, "Ga Rage nan tafe."

Bari in tuna maku tushen maganar, don yaran yanzu ba su san ta ba. Zamanin mulkin Nasara ne, shekarar da fara ta lashe gero, kuma ba a sassauta wa kowa lanho ba, wato harajin kai. Ni lokacin na fara tsayawa da ƙafata, ina dillancin bisashe da gishiri tsakanin Tibiri da Dogon Dutsi. Baba Arzika ya zo ya karɓi dala sittin a hannuna, ya ba ni gonar ubansa ta bakin fadama jingina. Aka yi magana gaban liman, Malam Garba: ni zan noma gonar in ci amfaninta, shi kuma ya kawo dala goma duk kaka har shekara shida. Ranar da dalar ƙarshe ta shiga hannuna, gona ta koma wa mai ita. Sai dai a al'adarmu, in iri ya riga ya shiga ƙasa kafin a gama biya, daminar nan ta mai riƙon gona ce.

Kowa ya san yadda jingina kan ƙare. Shekara ta ja shekara, shaidu su mutu, yara su tashi su ga wani na girbe gonar, shi ke nan ta zama tasa. Baba Arzika ya sani. Ni ma, gaskiya ɗaya ce, na sani, kuma ban ƙi ba. Gonar nan ko tsakuwa ka jefa mata sai ta yi zangarniya.

To, ashe tsohon nan bai yarda da jiran kaka ba. Mako bai cika ba ya sallama da ƙwai uku.

"Baba, ai sai kaka muka ce."

"Kaka ta san in ina raye? Rage."

Kuma ba ya yarda a rage a baki. Sai ya ja ni har gaban liman a yi wa ƙwai kuɗi, a rubuta. Wata rana Malam Garba ya ajiye littafi ya ce, "Arzika, don Allah ka riƙa tarawa su yi yawa tukuna. Tawadar da nake ɓatawa ta fi ƙwan nan tsada."

Baba Arzika ya ce, "To Malam, rubuta ƙanana."

Ranar sunan ɗana na fari kuwa, gida cike da mutane, ya shigo da ƙatuwar kaza ƙarƙashin hammata. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a raina, yau dai tsohon ya tuna zumunci. Na karɓa hannu biyu ina godiya, aka miƙa cikin gida, aka yanka, aka soya. Ya zauna ya ci cinya guda, ya suɗe yatsu, ya sha ruwa, sannan ya matso kusa da kunnena.

"Hamidu, kazar nan, rage."

"Haba Baba! Ba barka ka kawo ba?"

"Barka na yi ta tun daga ƙofa, da bakina, kowa ya ji. Kaza kuwa rage."

"Ai har ka ci cinyarta!"

"Wannan kai ka ba ni, baƙonka nake. Ni cikakkiya na kawo ta."

Wallahi da ƙafafunta biyu aka rubuta ta.

A gida kuma abin ya fi haka. Ya daina sayen goro, amma bai daina zuwa inda ake rabawa ba. Ɗaurin aure, suna, sadakar bakwai, ko'ina yana sahun gaba, ya karɓa ya jefa aljihu, ranar kasuwa ya sayar wa masu ci. Ya sayar da jakinsa. Na haɗu da shi kan hanyar Tibiri, tabarmin kaba goma a kansa, gumi har gwiwa.

"Baba, ina jakin?"

"Jaki na cin dusa. Ni ba na ci."

Uwargidansa, Inna Kulu, ta same ni a zaure wata safiya, ta zauna ta yi tagumi. "Hamidu ɗana, don girman Allah ka daina karɓa. Mutumin nan zai sayar da mu. Jiya na tashi neman muciyata, wai tana wurinka."

Tana wurina kuwa. Na mayar mata a ɓoye. Da ya gane, ya dawo mani da ita da kansa, ya ce kada in sake ɓata masa lissafi da kirki.

Ina dariya, ina dariya, sai ƙarshen bazarar shekara ta uku na je wurin liman na ce ya duba mani. Ya bi ƙananan rubutun nan da yatsa, ya ɗago kai ya ce, "Saura dala huɗu."

Huɗu kacal! Ni da na sa rai da damina shida! Ga hadari ya fara taruwa gabas da yamma. Na yi tunani irin namu na 'yan kasuwa: in na ɓace masa kwana goma, iri ya shiga ƙasa, na ci damina ɗaya kyauta, ban kuma karya doka ba. Na kira ƙanena Idi na ce kada ma ya jira ruwa, gobe ya kwashi 'yan ƙwadago su yi binne, su zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira sama. Ni kuma na hau doki na nufi Dogon Dutsi, na bar sallahu wai na tafi sarin gishiri. Ban ɓoye maku ba, abin da na yi ke nan.

Kwana uku ina zaune a rumfar wani abokina, bayan buhunan gishiri, ina shan fura hankali kwance. Sai na ji murya daga tsakiyar kasuwa, murya wadda ko cikin dubu na san ta.

"Jama'a, ku taimaka! Ku kama mani shi! Yana bi na bashi ya gudu!"

Da ƙafa ya zo. Tun daga Dumega! Ƙafafu sun yi fari fat, leɓe ya tsattsage. Kasuwa ta watse ta taru kansa. Wani ɗan sandan Nasara mai jar hula ya kutso da sanda.

"Tsoho, wa ya ci maka kuɗi?"

"Ba wanda ya ci. Ƙin ci ya yi."

"Kai kake bin sa?"

"Shi ke bi na."

"To mi ya sa shi gudu?"

"Shi nake so ka tambaya. Ga ƙafarsa can bayan gishiri."

Aka fito da ni, fura a gemu. Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wata mai ƙosai har sai da ta zauna a ƙasa. Ɗan sandan ya ce shi tun da ya shiga aikin nan bai taɓa kama mutum don a ba shi kuɗi ba, amma yau zai gwada. Ya riƙe mani hannu ya buɗe tafina.

Baba Arzika ya kwance bakin zanensa, ya fara ƙirgawa, tamma ɗaya ɗaya, duk tamma biyar dala guda, kasuwa na amsawa. Dala ɗaya. Biyu. Uku. Ya zazzage bakin zanen, tamma uku suka faɗo. Saura tamma biyu.

Ya sake lalube, babu. Ni kuwa shaiɗan ya raɗa mani cewa na tsira. Na ce, "Baba, ba komai, ka kawo sauran in na dawo gida."

Ya dube ni. Sannan ya cire hularsa, tsohuwar hula wadda maiƙo ya mai da ta kamar fata, ya ɗora mani a hannu.

"Kai dillali ne ko ba dillali ba?"

"Dillali ne."

"To ga haja. Sayar mani. Ka cire la'adarka, sauran ka rage."

Ku dillalai kun san ba a mai da haja gaban jama'a. In na ce ba ta sayuwa, gobe wa zai ba ni akuyarsa? Na ɗaga hular nan sama, kuma Allah shaida, da na buɗe baki sana'a ta ƙwace mani. "Hular dattijo! Hular da ta yi tafiyar kwana uku ba ta kwanta ba! Wa zai taya?" Wani mahauci ya ce tamma ɗaya. Mai ƙosai ta ce biyu, za ta riƙa ɗaukar kasko da ita. Na ce albarka. Ɗan sandan da kansa ya ce uku. Na sallama masa.

Da hannuna na sayar da daminata. Na cire tamma ɗaya la'ada, don ya rantse sai na cire, biyu suka cike dala sittin. Ya sa mahauci da mai ƙosai da ɗan sanda suka shaida, ya juya zai kama hanya, kai ba hula, rana na dukan sanƙo.

Kunya ta kama ni. Na bi shi na ce, "Baba, tsaya. Akwai maganar da ban gaya maka ba. Na sa Idi ya yi binne. Wataƙila iri na ƙasa tun shekaranjiya."

Ko tsayawa bai yi ba. "Na sani. Na bar Kulu can."

Ashe Inna Kulu, wadda ta roƙe ni in daina karɓa, ita ce ta kwashi tukunya da tabarma ta tare a tsakiyar gonar. Idi ya ce da suka iso da sungumi ta miƙe da taɓarya ta ce, "Shekara uku ina shan miya ba daddawa saboda ƙasar nan. Wanda ya isa ya sara." Kwana huɗu suna zuwa suna komawa. Ko ƙwaya ba ta shiga ba.

Na ɗora shi bisa dokina, na ja linzami. Muna hango Dumega ruwan farko ya sauko. Ya diro daga sirdi, tsoho da shi, ya kama gudu cikin taɓo yana kiran 'ya'yansa su fito da iri.

Damina goma sha ɗaya ya noma gonar kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma har yau jikokinsa ne a cikinta. Ranar jana'iza, da aka ajiye shi, liman ya juyo ya yi tambayar da akan yi: ko akwai mai bin mamaci bashi, ya faɗa a biya kafin a rufe shi. Shiru. Ya sake tambaya. Sai na ji kafaɗun mutane na motsi, kowa na danne dariya, kowa na satar kallona. Ni ma na buɗe baki in yi dariyar, sai hawaye suka riga ta fitowa.

Na ce, "Malam, a sallace shi. Wannan bawan Allah ba ya da nauyin kowa. Mu ne ke da nasa."

Allah ya jiƙan Baba Arzika, ya yafe masa, ya yafe mani kwana ukun nan da na sa shi tafiya a ƙasa. Yadda ya tafi ba kaya a wuyansa, Allah ya sa ya tarar da hutu. Amin.