Shamuwar Baba da Zaren Habibu

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar Baba, Allah Ya jiƙansa. Har yau idan tsuntsayen nan masu ƙetaro teku suka fara faɗowa a gajiye a saman benayen Nuzla, unguwarmu a Jidda, sai in ji kamar zai leƙo ya ce a kai musu ruwa a murfin tukunya.

Baba ɗan dako ne a kasuwa. Aikin hajji ya kawo shi Jidda, bai koma ba. Bai yi boko ba, amma a bakinsa muka fara jin labarin mutanen da, waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu suna lura da halittun Allah don su san halinsu. Wanda muka fi so shi ne na wani dattijo a ƙasar Hausa da ya matsu ya san ko shamuwar da ke sheƙa a tsamiyar gidansa ita ce ke dawowa kowace damina. Wai sai ya ɗaura mata jan zare a ƙafa, ta tafi, da ruwa ya kusa sauka ta dawo da shi. Mu da ba mu taɓa ganin shamuwa ba, ba mu san damina ba, kullum sai mun roƙa an maimaita.

Yayana Habibu, sarkin rawar kai, ya ɗauki zancen da gaske. Wata rana ya tsinci ɗan tsuntsu a saman bene yana haki, ya warware zaren ɗinkin Inna, ya ɗaura masa mai tsawo, ya sake shi. Bai yi nisa ba zaren ya sarƙe a eriyar talabijin ɗin maƙwabta. Tsuntsu ya rataye kai ƙasa yana fuffuka, ga rana ta take. Baba ya dawo ya tarar muna ta kuka. Mutumin da ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, wanda ko murya ba ya ɗagawa a layi don kada a lura da shi, shi ne ya buga ƙofar mutanen da bai sani ba, ya hau benensu, ya tsinke zaren da haƙori. Tsuntsun ya rayu.

Mun zaci Habibu zai sha na jaki. Baba ko yatsa bai ɗora masa ba. Cewa ya yi, "Ni na ba ka zaren nan, ba Inna ba." Daga ranar labarin ya canja. Dattijon ya daina ɗaura komai, zama kawai yake ƙarƙashin tsamiya har ya gane shamuwarsa da yadda take sauka.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga yau. Jikokinsa sun san zaki da giwa a talabijin, amma ƙadangare ya gifta sai ihu. Ka yi musu Hausa su amsa da Larabci, halas, yalla, sun wuce. Ina jin tsaki ɗaya zai yi, ya shimfiɗa tabarma ya tara su.

Baba bai bar mana gida ba, bai bar mana gona ba, ni kuwa raina a kwance yake da abin da ya bari. Habibu yanzu direba ne a unguwar Abhur, kai duk furfura. Kwanan baya na ji shi yana ba autarsa labarin, rabi Hausa rabi Larabci. Yarinyar ta tambaye shi me ya hana dattijon sa wa shamuwar alama, ai da ya huta. Habibu ya ce mata, "Ƙafar ba tasa ba ce."