Hoton Hular Baba

Ni dai tun ina yarinya an san ni da baki. Mahaifiyata kan ce da ana sayen surutu a kasuwar Ƙanƙara da tuni na gina mata soro. Shi ya sa ranar da wata ƙawata ta saka ni cikin wani zaure na waya, na ji kamar an buɗe ma akuya rumbu. Zauren na masu sana'ar hannu ne daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, masu ɗinkin hula irina, da masu saƙa, da masu ɗan rubuce-rubuce. Al'adarmu ita ce kowa ya rubuta yadda ya yini: abin da ya dafa, inda aikinsa ya kai, abin da ya ɓata masa rai. Wata ta ce zarenta ya ƙare, wata ta saka hoton tabarmar da ta fara, wani ya kawo baiti biyu a gyara masa. Ni kuwa ba na fashi. Ko ciwon kai na yi sai zaure ya sani.

Da farko duk mun san juna. Daga baya wannan ya jawo ɗan'uwansa, waccan ta jawo maƙwabciyarta, har aka wayi gari lambobin da ban sani ba sun fi waɗanda na sani yawa. Ban damu ba, don a ganina masu yaba mani aiki ne suka ƙaru.

Ina aure a wani ƙauye bayan Ruwan Godiya, a gidan iyayen maigidana. A shekarar da nake magana shi yana Kaduna wurin aiki, sai ni da surukaina, Baba da Inna, da ƙanwarsa da muke kira Auta. A ƙasarmu, tun da mutanen daji suka fara tare hanya, an daina faɗin tafiya. Mutum ba ya cewa gobe zan je wuri kaza, ko ga maƙwabcin da suke cin tuwo tare, domin ba ka san kunnen da ke kai rahoto ba. Sai dai a ga takalminsa ba ya ƙofa. Wannan kowa ya sani, har yaron da ke goye.

A damina ta wannan shekara turken sabis na yankinmu ya lalace, aka rasa mai ƙarfin halin zuwa gyara. Waya ta zama fitila. Amma hannuna ya riga ya saba, kullum in na gama aiki sai in buɗe zaure in rubuta yinina kamar yadda na saba. Saƙon ba ya tafiya, sai ya tsaya da ɗan alamar agogo a gefensa. A hankali na mayar da wurin littafin sirrina, tunda na san babu mai gani. Har faɗan da na yi da Auta a kan sabulu na rubuta. Duk ranar da za ta kai mani huluna wurin dillaliya a Funtua, takan tafi da wayar, tunda can akwai sabis, don hotunan aikina su samu fita, ni kuma kafin in miƙa mata sai in bi in goge duk abin da bai kamata a gani ba.

Wata uku na yi ina ɗinka ma Baba hula. Ba shi ya sa ni ba, ni na ga tasa ta koɗe har ba a gane launinta. Na zaɓi zare kore shar da ruwan ƙasa, na yi mata wani zane da na ƙirƙira da kaina, wanda na tabbata babu irinsa a kan kowa daga nan har Katsina. Ina alfahari da ita, ba zan ɓoye ba.

Wata Juma'a ɗan yayan Baba ya zo daga wani ƙauye can cikin itatuwan Sabuwa, ya ce jikin mahaifinsa ya yi tsanani. Su biyu suka rage a ɗakinsu, Baba da wannan yayan nasa. Washegari Inna ta shigo ɗakina, ta saki labule, ta rage murya.

"Ki gaggauta ki haɗa hular nan," ta ce. "Malam zai je duba yayansa ranar Laraba. Yayan nasa ma tsohon maɗinkin hula ne kafin idonsa ya tafi, an ba shi labarin aikinki, ya ce a zo masa da ita ya shafa. Kada ki bari ko Auta ta ji."

Na ce, "Haba Inna, wa zan faɗa mawa?"

A ranar na haɗa ta. Na wanke, na sa sitaci, na kifa ta a kan ƙwarya ta bushe. Da ta fito sai da na yi tsalle ni kaɗai a ɗaki. Na ɗauke ta hoto, na buɗe zaure, na rubuta cewa alhamdu lillahi hular Baba ta kammala, ranar Laraba zai sa ta zuwa wajen Sabuwa duba yayansa, a taya mu da addu'a. Na ga ɗan agogon nan ya tsaya a gefe, na ce a raina zan goge kafin Litinin, ranar da Auta za ta Funtua.

Litinin da safe mota ta zo da wuri. Direba na ta danna oda, Auta na tsaye a kaina tana cewa, "Matar Yaya, in ba ki shirya ba ni zan tafi, ba ni na ɗaura maki aure da nawa ba." Na zage ta, na cusa hulunan cikin jaka, na ɗora wayar a sama. Sai da na gama wanke-wanke na ɗora sanwa, ina cikin tankaɗe, abin ya faɗo mani. Na saki rariya a ƙasa. Na fita har bakin hanya ba mayafin kirki, ko ƙurar motar babu.

Yinin nan ban san me na dafa ba. Na riƙa lallashin kaina cewa wataƙila caji ya ƙare a hanya, wataƙila Auta ta manta ba ta kunna ba. Da la'asar ta dawo tana fara'a, ta ce, "An yaba hular Baba kamar me. Wayarki sai ƙara take yi tun daga Sheme."

Na fizge wayar na shige ɗaki. Agogon ya ɓace, saƙo ya tafi. Ƙarƙashinsa mutane sun yi ta rubutu, masu cewa tubarkalla, masu tambayar inda na sayi zaren, masu yi wa mara lafiya addu'a. Wata dattijuwa daga Pauwa, wadda muke kira Hajiya, ita kaɗai ta rubuta, "Ɗiyata, goge wannan yanzu." Sai kuma wani saƙo da aka turo mani ni kaɗai, daga lambar da ba suna, ba hoto. Ya ce, "Allah ya kai Baba lafiya. Ta titi zai zagaya ko ta daji zai yanke?"

Na karanta ya fi sau goma. Ban taɓa ganin mai lambar ya ce uffan a zaure ba. Yana iya zama bawan Allah mai son ya ba da shawarar hanya, yana iya zama wanda ake biya don irin wannan tambaya. Ga shi na ba shi rana, na ba shi inda za a je, na kuma ba shi hoton abin da zai gane mutum da shi daga nesa. Gogewa ma ba ta yiwuwa tunda mun koma inda ba sabis, kuma ko da ta yiwu, magana zarar bunu ce.

Na sami Inna a madafa na faɗa mata. Ta dube ni ta ce, "Ke dai bakinki sai ya kashe mu." Gaskiya ta faɗa. Amma da na ce a sanar da Baba sai ta girgiza kai.

"In ya ji, zai tambayi wanda ya faɗa maki. Shekara arba'in bai taɓa kama ni da fitar da maganarsa ba. Ki ja bakinki. Allah ke tsarewa, ba mutum ba."

"Inna, in aka tare shi fa?"

"Na ce ki ja bakinki."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji ina neman mayar mata da magana, na dai haɗiye. Na roƙi Auta ta je ta faɗa, tunda ita ɗiyarsa ce. Ta ce wallahi ba da ita ba, ita da ta ɗauki wayar ma tsoron kanta take ji.

Shekara shida ina gidan nan, maganata da Baba ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. In durƙusa daga nesa in ce ina kwana, ya ce lafiya lau, Allah ya yi albarka, in tashi. Ban taɓa cin abinci yana gani ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In ya shigo tsakar gida ina waje, ɗaki nake shigewa. Ko hular ma ta hannun Inna na aika masa. Yanzu ni ce zan je gabansa in buɗe baki in ce na tallata tafiyarsa ga mutanen da ban sani ba, bayan matarsa ta hana ni.

Talata da hantsi yana zaure yana tufka igiya. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofa ina komawa. A na uku na durƙusa a dokin ƙofar, na ja mayafi na rufe rabin fuskata. Na yi gaisuwa ya amsa. Da ya ga ban tashi ba sai ya ajiye igiyar.

"Lafiya, ɗiyata?"

"Baba, na yi laifi."

"Tau. Mi ya faru?"

Na fara bayani. Bai san zauren waya ba, sai da na kwatanta masa da dandali inda kowa ke faɗin abin da ya yini yana yi. Ya ce mutum nawa ne a dandalin. Na ce ban san adadinsu ba. Ya ce na san su duka? Na ce a'a. Na karanta masa abin da na rubuta, na karanta masa tambayar mai lambar nan. Ina jin motsin Inna a bayan zana, ta tsaya cik.

Bai tambayi wanda ya faɗa mani ba. Ya dubi wajen zanar sau ɗaya kawai, ya mayar da kansa ƙasa.

"Har da hoton hular?"

"Har da shi, Baba."

Na yi ƙarfin hali na ce ko zai sa tsohuwar hularsa ya tafi. Ya ce hula ba ita ce magana ba, an san gida, an san rana, kuma motar da ke fita daga nan guda ce. Ba shi kaɗai zai shiga ba, akwai matan mutane da 'ya'yansu, ba zai jawo masu abin da ba su ji ba ba su gani ba. Na ce ko ya tafi yau. Ya ce motar yau ta wuce, kuma mai jiran Laraba tun Talata yake kwana a hanya.

"Sai a bari ƙura ta lafa," ya ce. "In Allah ya kai mu wani mako in tafi ba wanda ya sani. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi."

"Shi yayan naku fa, Baba? An ce masa Laraba."

Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka. Can ya ce, "Ba mai zuwa can kafin Lahadi balle a aika masa. Tashi ki je, kin kyauta da kika faɗa."

Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Na koma ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Inna ba ta amsa gaisuwata ba kwana uku.

Laraba ta zo. Motar ta fita da safe cike da mutane, na yini ina kasa kunne. Duk babur da ya wuce sai na leƙa. Da magariba ta dawo lafiya, direba ya ce ko kare bai tare su ba. Har yau ban san ko an duba motar an ga ba ya ciki ba ne, ko kuwa dama babu mai jira. Mai lambar bai ƙara magana ba, daga baya ma na neme shi a zaure na tarar ya fita.

Ranar Asabar da rana ɗan yayan Baba ya sake sallama. Tun daga yadda ya tsaya a ƙofa bai shigo ba muka gane. Mahaifinsa ya rasu ranar Juma'a da asuba, an kai shi kafin masallaci. Baba ya yi salati, ya shiga ɗaki ya ɗauko buta da sandarsa, suka kama hanya a take. Bai dubi kowa ba.

Kwana bakwai ya yi can. Auta ta bi shi daga baya tare da Inna, ni aka bar ni tsaron gida. Da suka dawo na je na durƙusa na yi masa gaisuwar rashi, ya amsa kamar kullum, ya sa mani albarka kamar kullum. Bai taɓa tayar da maganar ba har yau.

Auta ce ta shigo ɗakina da yamma, ta zauna a bakin gado, ba tsokana ba dariya. Na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce matar marigayin ce ta ba su labari, a gaban Baba. Ranar Laraba tun da hantsi marigayin ya sa aka ɗauko shi aka fito da shi ƙofar gida, aka jingina shi da bango. Ba ya gani, amma duk ƙarar mota da ya ji sai ya ce a duba masa ko ƙanensa ne. Aka yi aka yi ya koma ciki ya ƙi, har rana ta faɗi.

Na ce, "Baba ya ce me?"

Ta ce, "Ya ce masu shi ne bai samu mota ba."