Mode da Mai-Baka

Mode taubashina na, ɗan kawuna, don haka abin da nig ga dama shi zan faɗi game da shi, ko da shina da rai bai isa shi rufe mani baki ba. Ni Kulu sunana. Tare munka tashi a Lahodu, katanga ɗaya tar raba gidanmu da maƙerar Kawu Mainasara, ubanai.

A garinmu kowane gidan manoma na da maƙerinai. Da bazara su kawo galma da hauya da sungumi a gyara masu, wanda tashi tac cinye a ƙera mashi sabuwa, da kaka kuma su kawo dammunan gero. Haka anka gada. Amma in ruwan fari yaf faɗi maƙera ba wuta, to mai gari na da ikon kiran wani maƙeri shi ba shi wurin, don gona ba ta jiran kowa. Kakanni biyar na gidan kawu ba wanda yab bari anka yi mashi haka. Ɗa namiji guda Allah Yab ba kawu, shi na Mode.

To, Mode na da hannu, wanga kam ba gardama. Zama na ba shi da shi. Ko tuwo shi ke ci, ƙafatai guda na rawa. A aike shi Wurno sayen gawayi, sai a ji labarinai Rabah. Matatai Habi tun tana kuka har tag gaji tak koma dariya. Ni ko nis sa mashi suna Ba-Zama, sunan kuma yab bi shi har kabari.

Wata shekara, kamin yaƙin Hitila, yat tafi kasuwar Goronyo da laujuna, sai ga mota. Ba irin akwalar da ke ɗaukar gyaɗa ba. Baƙa ta, doguwa, fitilunta sun tsiro bisa kafaɗun da sunka rufe tayoyin gaba awa idanun kwaɗo. Bisa hancinta akwai ɗan mutum na farin ƙarfe, durƙushe, ya ja baka zai sako kibiya. Kamin la'asar duk kasuwa na ce mata Mai-Baka. Mai ita wani Kwara na, mutumin Sham, mai sayen fatun jajayen awaki, muna ce mashi Mai Fata. A Ikko yas same ta hannun wani Bature da zai koma gida. Rami ya karya mata sifirin guda, wato faifayen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyinta, shi ko direban ya tsaya shina susar ƙeya. Mode yash shige ƙarƙashinta ba wanda yas sa shi, yaf fito yac ce a kai shi maƙera mafi kusa. Kamin rana ta faɗi ya haɗa. Laujunan kawu kuwa har yau ban san wanda yat tafi da su ba.

Shekara shida shina bin motar nan. Da wanke ta yaf fara, yak koma gyara, daga baya direban yag gudu, sitiyari yak koma hannunai. Sakkwato, Gusau, Ƙaura, Birnin Ƙwanni, ba inda ba su taka ba. In sunka biyo ta Lahodu sai shi tsaida ta ƙofar gida, shi zauna bisa matakinta shina ba mu tarihinta, yadda yaj ji bakin Mai Fata. Wai gidan da anka ƙera ta, can Amurka, da kejin tsuntsaye sunka fara, sunka koma kekuna, sannan motoci. Wai ba su yi don talaka, sai manyan attajirai da masu mulkin ƙasar, kuma a hankali su ke aiki, ba su sakin mota sai sun bi ta gaɓa gaɓa.

"Kin ji ko, Kulu," in ji shi, "maƙera na awa mu, ɗa shi gaji uba."

Nic ce, "Ashe. To su ma ɗiyansu yawo su ke, su bar tsoho da zugazugi?"

Yay yi awa bai ji ba, yac ci gaba da goge ɗan maharbin da hannun rigatai.

Da bakinai yag gaya mani laifinai na ranar da motar tam mutu. Sun taso daga Taloka da fatu maƙil, yaƙ ƙi zagayawa ta mashigi, yac ce zai yanke ta cikin gulbi tunda rani na. Taya tan nutse cikin rairayi, shi ko maimakon shi sauka a tura, yad dinga danna mata wuta har wani ƙarfe mai haƙora yaf fashe cikin cikinta. Da shanu huɗu anka jawo ta Lahodu, anka aje ta gindin tsamiyar bayan maƙera. Sau ukku shina ƙera irin ƙarfen nan da hannunai. Na farko bai shiga ba, na biyu yash shiga yaƙ ƙi juyawa, na ukku yak kai ta bakin rijiya yaw watse. Mai Fata yas sa anka rubuta takarda zuwa Ikko. Amsa tad dawo cewa gidan da ke ƙera irinta ya rufe tun shekaru: wahala ta sami ƙasarsu, attajirai sun bar saye, wasu na ta zubo motoci masu arha, su ko sun ƙi rage aikinsu, har wutarsu tam mutu. Mai Fata yad daki kafaɗar Mode yac ce ya bar mashi ita, yah hau jirgi a Gusau, ba mu ƙara ganinai ba.

Kowa ya ɗauka yanzu Ba-Zama zai zauna. Ina. Sai ma abin yaƙ ƙaru. Yan naɗe fasasshen ƙarfen cikin tsumma yash shiga duniya, daga wanga bakanike zuwa wancan, Zariya, Kano, Jos, ko akwai gawar irinta a wani wuri da za a ciro mashi. Shi dawo da faso a ƙafa, shi kwana biyu shina zagaya mota, shi share mata kashin kaji, shi sake ficewa. Shekara biyu haka.

Ana nan yaƙi yay yi zafi, ƙarfe yaɓ ɓace. Sandunan ƙarfen da a ke saye kanti babu su. Tsoffin da sunka iya narka tama sun mutu, ba wanda yak koya. Kawu yan narke duk wani guntu da ke gidan, har ƙusoshin ƙyaure, ga idonai ya fara hazo, masaba na kuɓuce mashi. Bazarar nan galmar mijina Ƙasimu ta cinye har ba ta fi tafin hannu ba, kuma haka ta ke gida sama da arba'in. Mai gari yaz zo da kainai, yad durƙusa gaban kawu don girma, yac ce, "Baba, ba don raini ba. Akwai wani maƙeri a Rabah da ke da ragowar ƙarfen jirgi. In ruwa yas sauka ba mu da abin noma, dole in kira shi." Kawu yad dubi uwar maƙera, dunƙulen ƙarfen nan da kakanninai sunka yi ta duka bisa kainai. In baƙo yaz zo, fitar da ita za a yi.

Kwana biyu bayan haka Mode yad dawo daga Kano. Nis same shi gindin tsamiya da hantsi, shina zuba ma tayoyi ruwa don kar rana ta fasa su. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban ko gaishe shi ba.

Nic ce, "Kai Mode, mi ka ke jira? Ga ƙarfe nan ya fi na kantin Sakkwato, kaji na ƙwai cikinai."

"Wane ƙarfe?"

"Wanda ka ke ba ruwa awa doki."

Yac ce, "Kulu, ki kiyaye ni. Wani bakanike a Fagge ya yi mani alkawali. Ya ce ya san inda wata ta ke, kwance a Fatakwal."

"Shi zai yi ma Ƙasimu huɗa? Kai da bakinka kac ce gidan da sunka ƙera ta wutarsu ta mutu. Ka zauna nan kana jin tausayinsu, mutanen da ba ka taɓa gani ba. Ga taku nan za ta mutu bayan katanga, tsohonka na zaune shina shafa uwar maƙera awa mai bankwana."

Yat tashi yab bar mani wurin. Na yi zaton zai zage ni, don mun saba, amma ko kallo ban samu ba.

Kwana ukku bai zauna ba. Shi zagaya mota, shi leƙa maƙera, shi tafi bakin gari shi dubi gabas, shi dawo. Zafi ya kai inda ya kai, iska ta juyo, kowace la'asar hadari na taruwa shina watsewa. Habi tac ce mani ko abinci tsaye shi ke ci. Rana ta huɗu da safe anka ga ya ɗauki tsummanai ya kama hanyar Wurno. Nic ce shi ke nan, ya gudu, Allah Shi isar ma kawu. Kamin azahar sai ga shi da jakai biyu ɗauke da gawayi, da zarton yankan ƙarfe da yaj je aro.

Ɗan maharbin yaf fara kwancewa, yas sa aljihu. Sannan yash shiga ƙarƙashin motar. Ina tsaye nij ji kukan zarton, kuma wallahi duk da ni nit tunzura shi sai da nik kau da kaina. Maza sunka taru, anka ciro sifirin huɗu, anka yanke dogayen ƙarafan da ke riƙe da jikinta. Kamin magariba Mai-Baka ta durƙusa ƙasa.

Washegari kawu da kainai yak karɓi awartaki, Mode na duka. Galmar farko taf fito kyakkyawa. Kawu yat tsoma ta cikin kaskon ruwa yadda ubanai yak koya mashi, sai munka ji ƙas, ta rabe biyu. Ta biyu ma haka. Mutane sunka fara kallon juna, wani yac ce ƙarfen Nasara na, ba shi son ƙasarmu.

Mode yac ce, "Baba, a gafarce ni. Wanga ƙarfe ba shi shan ruwa. Na gani a Jos, mai a ke ba shi."

Kawu yam miƙa mashi awartakin. Ban taɓa ganin ya miƙa ma kowa shi ba. Mode yat tafi yak kwance ƙasan injin, baƙin man da ke cikinta yat tsiyaye cikin ƙwarya, yaz zuba a kasko. Galma ta ukku tash shiga, hayaƙi mai wari yat turnuƙe maƙera, taf fito lafiya. Ƙasimu yas sara ta ga kututturen ƙirya, ko gezau.

Kwana tara wuta ba ta mutu ba. Mata na kawo fura, maza na karɓa-karɓa wurin zuga, kowa ido na gabas. Ranar da ruwa yas sauka saura gida shida, su ma anka ba su aron na maƙwabta kamin a gama nasu. Mai gari bai aika Rabah ba. Kawu yar rasu da kakar nan, bayan ya ga dammuna sun cika zaurenai.

Bayan rasuwar da kamar wata biyu, wani ɗan kasuwa mai kawo goro yay yi sallama ƙofar maƙera. Ina nan zaune, na kawo wuƙa a wasa mani. Yam miƙa ma Mode ƙunshin buhu, yac ce saƙo na daga wani bakanike a Fagge. Mode yak kwance. Ƙarfe na mai haƙora, shafe da mai, ko haƙori guda bai ci ba. Yaj jawo tsumman nan nai daga rataye, yaf fiddo fasasshen, yak kara su. Ta ƙofa ana hangen abin da yar rage na motar gindin tsamiya, awaki na hawa suna sauka.

Na buɗe baki in yi mashi tsiya yadda munka saba, tsiyar taƙ ƙi fitowa. Abin da nis samu kawai shi na, "Ya yi daidai?"

"Daidai shi ke, Kulu."

Yaj juya shi a hannu, yas sake juyawa, hawaye na bin gemunai bai share ba. Tausayinai yak kama ni har nij ji kunyar kaina. Can yad dube ni yac ce, "Ke har yanzu da guntuwar hauyar nan ki ke noman wakenki?"

Nic ce da ita.

Yak kama ƙarfen da anka aiko mashi da awartaki yat tura cikin gawayi, yac ce in matso in zuga mashi.

Shekara goma sha tara yay yi bayan nan a maƙerar, bai ƙara wuce Wurno ba, ko da yake ƙafar nan ba ta bar rawa ba har anka rufe shi. Ɗan maharbin na hannun Habi. Hauyar da yaƙ ƙera mani da ƙarfen nan ko tana ɗakina, bayan randa, bana ma da ita nin nome wakena.