Tarihin Lombe Kapambwe da Sirrin Makullin Ɓarayi

Haihuwa da karatu

An haifi Lombe Kapambwe a shekarar 1969 a garin Kabwe na ƙasar Zambiya. Mahaifinsa, Chishimba Kapambwe, ma'aikacin layin dogo ne. Mahaifiyarsa, Mwaba, tana sayar da busasshen kifi. Ya yi firamare da sakandare a Kabwe, sannan a 1989 ya sami gurbin karatun kwamfuta a Indiya. Ya dawo a 1994, mutum marar yawan magana.

Aiki da iyali

Ya fara aiki a wani kamfanin inshora a Lusaka. A 1995 ya auri Chibesa, malamar makaranta, kuma bayan shekara guda suka haifi 'yarsu ta fari, Kasuba. Tun daga nan ake kiransa Bashi Kasuba, wato baban Kasuba. A 2008 ya ajiye aiki ya buɗe ofishin tsaron bayanai, ɗaki ɗaya a saman wani shagon magani.

Aibin da ya gano

A 2019 wata manhajar garkuwa da bayanai ta addabi makarantu da asibitoci. Takan kulle duk abin da ke cikin kwamfuta, masu ita kuma su nemi kuɗin fansa kafin su ba da makulli. Bayan dogon nazari, Lombe ya gano cewa manhajar tana ƙera makullinta ne daga agogon kwamfutar da ta kama. Wanda ya san lokacin da aka yi kullin zai iya sake ƙera makullin da kansa.

Amfanin wannan aibi ya rataya ne a kan sharaɗi guda: kada ɓarayin su san an gano shi, domin gyara shi ba zai yi musu wuya ba. Saboda haka yakan je shi kaɗai, ya buɗe, ya tafi, ba tare da bayani ba. Ta haka ya ceto wurare da dama cikin shekara biyu.

Zargi

Zargin ya samo asali ne daga raha. Abokinsa Ba Jere ("Ba" lakabin girmamawa ne a can) ɗan ƙabilar Ngoni ne, kuma tsakanin Ngoni da Bemba, ƙabilar su Lombe, akwai wasan ƙabila. A wata walima, ana tsakiyar cin nshima, wato tuwon masara, Ba Jere ya ɗaga murya ya ce, "Ku dubi ɓarawon Bemba! Ka kulle da hagu, ka buɗe da dama, a ce maka na gode!"

"Gama cin ɓeranka tukuna, sai mu yi magana," in ji Lombe, domin da cin ɓera ake tsokanar Ngoni.

Aka yi dariya. Amma akwai waɗanda suka tafi da maganar gida ba a matsayin wasa ba, domin ba wanda ya taɓa ganin yadda yake buɗewa. Kafin shekara ta ƙare an cire shi daga kwamitin coci. Bai kare kansa ba.

Auren Kasuba

A farkon 2021 wani matashi daga Ndola ya nemi auren Kasuba. An kai kayan gaisuwa, an karɓa, daga baya dangin saurayin suka yi shiru. Wakilinsu, dattijo Ba Chilufya, ya zo da kansa.

"Bashi Kasuba, ni ɗan aike ne, kada ka ga laifina. Sun ce ba za su haɗa jini da gidan da ake nunawa da baki ba."

Lombe ya ce zai yi wa iyayen saurayin bayani a asirce, su kaɗai.

"Su kaɗai? To sauran garin fa? Ko kowa sai ka bi shi gida ka raɗa masa?"

Da baƙon ya tafi, Chibesa ta ce, "Ka rufa wa makarantun mutane asiri, ka rufa wa asibitoci. 'Yarka ce kaɗai ba ta cancanta ba?"

A watan Afrilu ya wallafa cikakken bayanin aibin a intanet, da sunansa a sama. Ya san abin da zai biyo baya. Ba wanda ya fi shi sani. Jaridu suka yabe shi, coci ta mayar da shi kwamiti, Ba Jere ya zo ya nemi gafara. An ɗaura auren a watan Yuni.

Abin da ya biyo baya

Ɓarayin ma sun karanta. Kafin bikin sun riga sun toshe aibin. A watan Agusta sabuwar manhajar ta kama wani asibitin mishan a arewacin ƙasar, ta kulle bayanan majinyata, har da na masu karɓar magani duk wata. Aka kira Lombe, tun da yanzu kowa ya san sunansa. Ya je, ya gwada duk abin da ya sani, bai buɗe komai ba.

Babbar ma'aikaciyar jinya ta raka shi bakin mota. Ta ce, "Ba Kapambwe, ba kai ne na jarida ba? Mun ce wa marasa lafiya su kwantar da hankalinsu, mai makulli yana hanya."

Ya shiga mota ya tafi. Asibitin ya yi watanni yana tambayar majinyata wane magani suke sha, da yawa kuma ba su san sunansa ba.

Da ya koma Lusaka ya kwashe kayansa daga ofis, ya rufe ƙofar, ya mayar wa mai shagon makullinsa. Ya gaya wa Chibesa cewa ba zai sake karɓar aikin tsaron kowa ba. Ya koma Kabwe yana koyar da lissafi. An gayyace shi karɓar lambar yabo, bai je ba.

Rasuwa

Lombe Kapambwe ya rasu a watan Nuwamba na 2023 bayan jinyar hawan jini. An binne shi a Kabwe kusa da mahaifinsa. Bisa wasiyyarsa, tarihin da aka karanta a bakin kabari ya kira shi malamin lissafi, bai ƙara komai ba.

Ya bar matarsa Chibesa da 'ya'ya uku: Nkole, injiniyan ma'adinai a Solwezi, Mapalo, ɗaliba a jami'a, da Kasuba, wadda ke zaune lafiya a gidan mijinta a Ndola, kuma ba a taɓa gaya mata labarin asibitin ba.