Askin Juma'a

Duk wanda ya tashi a Kilomita Biyar ya san rumfar Ɗantsoho wanzami, can bayan layin masu atamfa. Rabin mazan unguwar shi ya yi musu askin suna, shi ya yi musu kaciya. Ga baki kamar me, yana aski yana ba ka labarin kakanka.

Shekara arba'in ke nan duk safiyar Juma'a yayansa Badaru, mai sayar da ƙusa da kwaɗo, yake zuwa aski. Ba sa gamawa sai sun yi faɗa. Tun Ɗantsoho yana koyo ya taɓa yanke masa kunnen dama, shi kuwa Badaru bai yafe ba. Da aska ta matso wajen sai ya sa yatsu biyu ya danne kunnen, ya ce, "Wanzamin banza, bar mini sauran." Ko da ya je Duwala saro kaya aka yi masa aski, bai taɓa danne wa kowa kunne ba sai ƙaninsa.

To, wata Talata babur ya buge Badaru a hanyar Miskine, jini ya taru masa a ƙwaƙwalwa, aka yi masa aiki. Ya farfaɗo, alhamdulillahi, amma ba magana. Yana kallon matarsa Zuwaira kamar wata baƙuwa, ya kalli Ɗantsoho haka nan. Likita ya ce sai haƙuri, ƙila ya gane mutane, ƙila a daɗe.

Wanzami dai ba ya son jarfa. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin aska da jini ya kasa kallon bandejin nan, sai ya koma mita a kan askin da 'yan asibiti suka yi wa yayan nasa. Sun kwashe gefen hagu, sun bar na dama tsiri-tsiri.

"Haba! Wannan ai noman rani ne," in ji shi.

Zuwaira ta san ba askin ke cinsa ba. Kewar zagin yayansa yake yi, har abinci ba ya wuce masa.

Juma'a ta biyu ya zo da zabirarsa. Nas ta hana. Ya roƙe ta da yaren Sango, ya haɗa da ɗan Faransancinsa, har ta gaji ta ce gefen dama kaɗai, da sabuwar reza, kuma tana tsaye a kansa.

Ya jiƙa gashin, ya yi bisimilla. "Yaya, ni ne fa," ya ce. Ya fara daga goshi yana gangarowa.

Yana isa gefen kunne, hannun Badaru ya motsa a kan zanin gado. A hankali ya taso, ya ɓace hanya, ya taɓa kumatu, sannan yatsu biyu suka sami kunnen suka danne.

Zuwaira ta toshe baki da mayafi. Ɗantsoho ya tsaya yana jiran zagin, hawaye na zubo masa. Zagin bai zo ba.

Wurin da ya rage bai fi faɗin yatsa uku ba, aikin minti ɗaya ne. Har aka kira sallar Juma'a Ɗantsoho bai gama shi ba.